Babi na Biyar: Takin Birni, Hatsin Karkara

Akwai tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa masana aikin gona kai game da ƙasar Kano. A yawancin ƙasashen da ke kudu da Sahara, al'adar noma ita ce idan gona ta gaji a ƙyale ta ta zama saura, ciyawa da sabara su rufe ta na wasu shekaru, sannan a dawo a yi sassabe. A kewayen birnin Kano kuwa, daga Kumbotso zuwa Gezawa, daga Ungogo zuwa Dawakin Kudu, an daɗe da barin wannan. Jama'a ta yi yawa, fili ya yi kaɗan, babu mai sukunin ajiye gona ta huta. Gona ɗaya ake huɗawa kowace damina, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, alhali yawancinta jigawa ce mai rairayi. In da lissafin littafi ake bi, da tuni ta mutu. Amma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, albarkar gonakin lardin na cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa, kuma bayan fiye da shekara ɗari waɗannan gonakin suna nan suna ba da gero da dawa.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan al'amari shi ne Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar da ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun farkon shekarun 1960, daga baya ya koma Jami'ar Bayero. A 1965 shi da abokin aikinsa Wilson suka fitar da rahoto a kan mutane da ƙasa a wannan yanki mai cunkoso, kuma ya ci gaba da komawa ƙauyukan har tsufansa. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita daga cikinta. Abin da suka gano babu manomin Kano da zai ji ya yi mamaki, sai dai su sun sa masa awo.

Manomi yana shuka gero da dawa, ya ratsa wake da gyaɗa a tsakani. Saiwar wake da ta gyaɗa na da wasu 'yan ƙulle-ƙulle, a cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu zuƙo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Da kaka ba a barin komai a gona. A ɗaure harawa a ɗora kan rufin ɗaki ko a rassan bishiya, a tattara kara da karmami. Tumaki da awaki suna turke duk damina don kada su yi ɓarna, ana yanko musu ciyawar da aka nome, da rani kuma su ci harawa da dusa. Abin da suka kasayar yana taruwa a turken, ya gauraya da fitsari da ragowar ciyawa da tokar murhu da sharar tsakar gida. Bazara na ƙaratowa sai a haƙe shi, a zuba a mangala, jaki ya kai gona. Wanda ya taɓa bin hanyar Gezawa ko ta Wudil a watan Afrilu ya san yadda gonaki ke kasancewa: farar ƙasa fayau, an jera mata ƙananan tsibin baƙin taki, kowane tsibi taku kaɗan daga ɗan'uwansa, suna jiran ruwan farko. Mai hali kuma yakan yi yarjejeniya da Bafulatani ya kwana da shanunsa a gonar, a biya shi da dami. Har hazon hunturu yana da nasa rabo, domin ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi tana sauka da ɗan abin da ƙasa ke buƙata.

Sai kuma kason birni, wanda shi ne dalilin wannan babi. Jakunan da ke shigo da itacen girki da kara da hatsi ta ƙofofin gari ba sa komawa haka nan. Suna fita da takin birni: kashin dawaki da na awakin cikin gida, toka, dattin kasuwa, sharar lungu. Birni ya ci hatsin karkara, ya mayar mata da taki. Babu hukumar da ta tsara haka, babu wanda ya kira shi da wani suna na musamman. Ciniki ne kawai, kowa na samu.

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna cikin wuraren da suka fara amfana da wannan ciniki, saboda kusancinsu da ganuwa. Dattawa sun san lokacin da mutum zai fita ta Ƙofar Nasarawa ya miƙi hanyar Zariya, bai yi nisa ba ya tsinci kansa tsakanin gonaki. Darmanawa, Daurawa, Unguwa Uku, Hotoro, duk ƙauyuka ne da gonakinsu. Yau ƙaramar hukumar Tarauni birni ce tsantsa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000, kuma kowa ya san an wuce nan nesa ba kusa ba. Inda ake shuka dawa yanzu akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da rukunin gidaje, da gidajen mai, da shaguna. Unguwannin da a da suke karɓar taki sun koma masu fitar da shara, gonakin da za su karɓa kuma sun matsa gaba, can bayan Mariri da Kumbotso, inda jaki ba zai kai ya dawo a yini ba.

A tsaya a bakin kowane juji a Gyaɗi-Gyaɗi, a dubi abin da yaro mai baro ke juyewa. Akwai ɓawon kankana da na lemo, ganyen kabeji, ƙanzon da ya yi tsami, gashin kaza, toka, kashin awaki, ƙurar da aka share daga tsakar gida. Wannan duk abincin gona ne, irin wanda kakanninmu ke biyan kuɗi su ɗauka. Amma a cakuɗe yake da ledar fiya-wata, da baƙar ledar cefane, da ƙunzugun jarirai na zamani, da fasasshen gilashi, da mataccen batir, wani lokaci har da allurar da aka yi amfani da ita. Akuya na tsaye a kai tana tauna leda saboda ƙamshin man da ya maƙale a ciki, kuma mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin dabba. Jujin da ke titin Court Road ya isa misali, har ɗaliban jami'a sun sha zuwa ɗibar ƙasarsa da ruwan rijiyoyin kusa da shi don gwaji.

Cinikin bai mutu ba, ya dai lalace. Har yanzu manoman bayan gari na biyan direban tifa ya juye musu sharar birni a gona, musamman wadda ta daɗe a juji ta ruɓe ta yi baƙi. Sai dai aiki ya ƙaru. Dole a sa yara su bi da manjagara suna tsince leda, a tara a cinna mata wuta, kuma duk tsincewar da za a yi sai wata ta saura. Garma ta binne ta, ta tare saiwa, ta hana ruwa ratsawa, iskar bazara ta kwashi wata ta rataye a ƙaya. Abin da ido ba ya gani ya fi wannan muni, wato dalma da sauran guba daga batir da tarkacen lantarki, waɗanda ƙasa ke riƙewa shekara da shekaru. Masu lambun da ke ban ruwa da rafin Jakara da na Getsi, inda ruwan kwata da na masana'antun Bompai ke gangarawa, suna fuskantar irin wannan matsala ta wata fuskar. Latas ɗin da aka noma ba tare da takin zamani ba zai iya fin wanda aka noma da shi haɗari, in dai da irin wannan ruwa aka shayar da shi. Masu tallar noman gargajiya ba su cika son a faɗi haka ba.

To, ina ruwan sauyin yanayi da jujin unguwa? Ruwansa ne ƙwarai. Idan ragowar abinci da ganye suka ruɓe a sarari, iska na ratsa su, abin da ke fita galibi iskar kabon ce da tururi, abin da ya rage kuma ya zama taki. Idan aka danne su a ƙarƙashin tsaunin shara, leda ta lulluɓe, ruwan sama ya jiƙa, sai wasu ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska su karɓi aikin, su kuma iskar mitan suke fitarwa. Ita ce ke sa juji ya yi ta ci da wuta a ƙasa kwana da kwanaki babu wanda ya san mai kunnawa. A cikin shekara 20 na farko bayan fitarta, mitan na riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mitan da ɗan Adam ke jawowa daga shara da ruwan ƙazanta yake fitowa. A taron yanayi na Glasgow a 2021 Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka yi alkawarin haɗa hannu a rage wannan iska da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, kuma a wurin ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ce ƙasar za ta kai matakin daidaita hayaƙin da take fitarwa a 2060. Idan ana maganar cika wannan alkawari, hankali kan tafi ga wutar gas da ke ci a Neja Delta, kuma da gaskiya. Amma kwandon sharar da aka raba a Tarauni, ruɓaɓɓe gefe guda, leda gefe guda, shi ma yana cikin lissafin, kuma ba ya buƙatar injiniya daga waje.

Ɗaya ɓangaren shi ne buhun yuriya. A 1909 Fritz Haber ya gano yadda za a kamo naitirojin daga iska a mai da shi amoniya, a 1913 kuma Carl Bosch ya kafa masana'antar farko a Oppau ta Jamus. Ba ƙaramin abu ba ne, domin masana na ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da abincin da wannan taki ya samar suke rayuwa. Sai dai aikin na cin wuta. Ana buƙatar zafi mai tsanani da matsi mai ƙarfi, kuma iskar gas ce makamashin, ita ce kuma kayan haɗin. Shi ya sa masana'antar Indorama take a Eleme kusa da Fatakwal, ta Dangote kuma, wadda aka buɗe a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, take a Lekki ta Legas. Bayan hayaƙin masana'anta akwai na gona. Yuriyar da shuka ba ta sha ba, wani kasonta na komawa wata iska da ake kira naitiros oksaid, wadda ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na iskar kabon sau 273 a tsawon shekara 100. In aka haɗa ƙerawa da sufuri da abin da ke tashi daga gona, takin naitirojin na zamani na da alhakin kimanin kashi 2 cikin 100 na dukan iskar da ke ɗumama duniya.

A nan ne wasu ke saurin yanke hukunci, su ce ai sai a bar takin zamani baki ɗaya a koma na gargajiya. Ban yarda ba, kuma dalilaina ba na son zuciya ba ne.

Da farko, wa ke zuba takin da ya wuce kima? A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka tarar matsakaicin abin da manomin nahiyar ke sa wa kadada ɗaya kilo 8 ne kacal, suka yi alkawarin kai shi 50 kafin 2015. Har aka sake taruwa a Nairobi a 2024 ba a kai ba, alhali matsakaicin duniya ya haura kilo 100. Dukan nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Mutumin da ke sayen kamfa kwano biyu a kasuwar ƙauye don ya lallaɓa masararsa ba shi ne ya ɗumama duniya ba, kuma rashin adalci ne a ɗora masa kaffarar laifin wasu.

Sannan akwai lissafin buhu. Kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, ke nan buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23. Busasshen kashin dabbobi kuwa da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Kafin ka samu abin da ke cikin buhu ɗaya sai ka tara taki tan ɗaya ko biyu, ka kuma nemi abin da zai kai shi gona. Ƙari a kan haka, akuya ba ta ƙirƙirar sinadari, tana kwaso shi ne daga inda ta ci ta ajiye inda ta kwana. Muddin makiyaya da burtali na ƙanƙancewa, takin ma raguwa zai yi. Kowane buhun gero da ya shiga kasuwar Dawanau ya tafi da wani abu daga jikin gonar da ta haife shi, musamman sinadarin fosfaras, wanda ƙasarmu dama ba ta da shi da yawa, kuma babu wake ko gyaɗar da za ta zuƙo shi daga iska.

Ƙasar Siri Lanka ta gwada yanke takin zamani dare ɗaya. A watan Afrilu na 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya haramta shigo da shi, ya ce ƙasarsa za ta koma noman da babu sinadari. Ba a tanadi isasshen madadi ba, ba a horar da manoma ba. Shinkafa ta faɗi, ganyen shayin da suke samun kuɗin waje da shi ya ragu, kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta janye dokar. A watan Yuli na 2022 jama'a suka mamaye fadarsa, ya tsere daga ƙasar. Ba takin ne kaɗai ya kayar da shi ba, bashi da ƙarancin mai sun taka rawa, amma yunwa ta ba da nata kason.

Duk da haka, duk manomin da ya shekara goma yana zuba kamfa da yuriya zalla a jigawa zai gaya maka abin da ya gani. Shekarun farko gona ta yi kyau, daga baya sai ta riƙa neman ƙari kafin ta ba da abin da ta saba, ƙasar ta yi fari, ta yi tsami, ƙuduji ya mamaye dawa. Manoma kan ce takin zamani na shekara ɗaya ne, na gargajiya kuwa gona na tunawa da shi har shekara uku. Bayanin masana bai saɓa wa wannan ba. Rairayi ba ya riƙe komai, abin da aka zuba masa ruwan sama na farko mai ƙarfi zai wanke shi zuwa ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba su ne ke zama kamar soso a cikin ƙasa, su riƙe ruwa, su riƙe sinadarin har shuka ta buƙata. A yawancin gonakinmu wannan ruɓaɓɓen abu bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba, kuma zafi da gara na cinye shi da sauri, don haka sai an yi ta sabuntawa. Wannan ne ma ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa gonakin Sahel za su shanye hayaƙin duniya su adana a ƙasa, har a biya manoma kuɗin hakan. Ana iya adana wani abu, amma kaɗan ne, kuma da an daina zuba taki zai koma inda ya fito.

Amfanin da ya fi kusa da mu shi ne na ruwa. Daminar Kano gajeriya ce, wata huɗu ne in an yi sa'a, kuma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda take iya juya baya. Abin da ake gani yanzu ya ɗan bambanta da wancan. Ruwa kan sauka da wuri a yi shuka, sai ya ɗauke mako biyu ko uku, sannan ya dawo da ƙarfin da zai rusa katanga, irin ambaliyar 2022 da ta halaka mutum sama da 600 a faɗin Najeriya. A irin wannan damina, gonar da ta sha taki ita ce shukarta ke jure kwanakin ɗaukewar ruwa, ita ce kuma ke shanye mamakon maimakon ya kwashe ta. Bambancin 'yan kwanaki ne, amma a kansu ake rabuwa tsakanin wanda zai yi girbi da wanda zai sake sayen iri.

Cibiyoyin bincike sun daɗe da karkata ga haɗa biyun. A nan kusa, a titin Sabo Bakin Zuwo, akwai ofishin cibiyar IITA, da gonar gwajinta a Minjibir. A nan ne B. B. Singh, masanin wake ɗan Indiya, ya shafe shekaru yana fitar da irin da ke nuna da wuri da wanda ke ba da ƙwaya da harawa tare. Shi da abokan aikinsa suka yaɗa tsarin kunya biyu na dawa, kunya huɗu na wake, a ciyar da dabbobi da harawar a turke, a mayar da takinsu gona, a ƙara da ɗan takin zamani. Tsohon tsarin Kano ne aka gyara masa zama. A Sadore ta Nijar kuma masu binciken cibiyar ICRISAT suka nuna cewa takin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, in aka sa shi a ramin shuka, ya fi a watsa mai yawa a sarari. Wanda ya watsa yuriya a saman ƙasa da tsakar rana ya tafi, rabon iska ya bayar. Binnewa ake yi, a gefen shuka, bayan ƙasa ta jiƙa.

Darasi mafi girma daga 'yan'uwanmu na Maraɗi ya zo. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana ta dasa itatuwa a yankin suna mutuwa, sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen bishiyoyin da aka sare, saiwarsu na nan da rai. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabba da gatari. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara karɓa, suka raɗa masa sassaben zamani. A yau ana ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 ta farfaɗo a Maraɗi da Damagaram da kewaye, da bishiya kusan miliyan 200, yawancinsu ba wanda ya dasa su. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramuka a fako a zuba taki, wadda mutanen Tawa ke kira tassa. Cikin bishiyoyin da suka dawo babu kamar gawo, mai zubar da ganye da damina lokacin da gero ke son rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sarari. In ana neman inda noma ke adana iskar kabon da gaske a ƙasar Hausa, a jikin waɗannan itatuwa ne, fiye da a cikin ƙasa.

Maganin ƙwari wani babi ne mai zaman kansa, amma ba zan wuce ban taɓo shi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan gubar da ake zuba masa a wurin ajiya. Turawa sun ƙi ci, mu muka ci gaba da ci. Alhali akwai buhun PICS mai ciki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta tare da abokan aikinsu na Afirka, har da na cibiyar INRAN ta Maraɗi. A ɗaure shi da kyau, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Ruwan 'ya'yan darbejiya ma yana korar wasu ƙwarin lambu, in an jure wahalar daka da tacewa.

Akwai masu hangen kasuwar waje, inda ake sayen riɗi da zoɓo da tsada in suna da takardar shaidar cewa ba a sa musu sinadari ba. Kasuwar gaskiya ce, amma takardar na da tsada, sai an kawo mai duba gona, an ajiye bayanin kowace shekara, an jira wa'adin sauyawa. Babban ɗan kasuwa ko ƙungiyar manoma mai ƙarfi za su iya. Mai kadada ɗaya a Warawa, wanda wataƙila bai taɓa sa wa riɗinsa komai ba saboda babu kuɗin saye, shi ba zai ga wannan riba ba sai an haɗa shi da wasu.

Abin da ke hannun mazauna Tarauni ya fi wannan sauƙin faɗa. Rarraba shara ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Uwargida na ware ƙanzo da ruwan tsari da dusa don mai awaki. 'Yan gwangwan na bin lungu suna sayen ƙarfe da roba da tsohon takalmi, kuma ba ka ganin gwangwani ya kwana biyu a juji, saboda yana da farashi. Kashin dabbobin kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku da na gidajen kaji ba ya rasa mai saye, tun ba yanzu ba da buhun takin zamani ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da faɗuwar naira. A 2017 gwamnati na sayar da buhun kamfa naira 5,500 ƙarƙashin shirin da ta ƙulla da Maroko, yau kuwa sai an ninka wannan sau da yawa. Abin da har yanzu ba shi da mai saye shi ne jiƙaƙƙen dattin kicin da na masu kayan miya da 'yan lemo a kasuwar Tarauni, kuma shi ne ya fi yawa, shi ne mai wari, shi ne mai fitar da mitan. Hukumar kwashe shara ta REMASAB na kashe kuɗin mai ta kwashe shi ta kai wani rami, manomi kuma na kashe nasa kuɗin ya tono shi bayan ya gauraya da guba. Ruwanda ta haramta ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, amma ko ba a kai ga doka ba, raba kwando biyu a kasuwa ɗaya abu ne da shugabannin kasuwa da mai unguwa za su iya zartarwa.

Haɗa takin kansa ba ya buƙatar na'ura. A shimfiɗa busasshen abu, kara ko ɓuntun shinkafa ko ganyen da aka share, a ɗora ɗanye a kai, a barbaɗa kashin dabba da 'yar toka, a maimaita har tarin ya kai ƙirji. A yayyafa ruwa ya yi laima ba tare da ya jiƙe sharkaf ba. Cikin 'yan kwanaki in ka tura hannu za ka ji zafi, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu don iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya koma na ƙasar da ruwan farko ya taɓa.

Wahalar na wajen fili da sufuri da ruwa. Fili a Tarauni ya yi tsadar da babu mai ba da shi a tara taki, sai dai a nemi gefen tsohon juji ko a fita bayan gari. Kuɗin tifa ya haura tun da man dizal ya yi tsada, cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuma ya ɗaga kuɗin ƙananan motocin ɗaukar kaya, don haka taki mai nauyi ba ya jure doguwar tafiya kafin ribarsa ta ƙare a hanya. Manomi kuma a Afrilu yake son kayansa, kafin ruwa ya sauka. Ke nan mai haɗawa sai ya tara tun Janairu ko Fabrairu, ya yi ta ban ruwa a tsakiyar rani, lokacin da iska ke busar da tari cikin yini biyu, 'yan garuwa kuma suka ƙara wa jarka kuɗi.